Barakatu da Na'urar da Babu Mai Ita

Ƙanwata Barakatu aikinta nemo mai abu. Idan mutane suka tare ni a shagona na kayan babur suka ce, "Sagir, wai me ƙanwar nan taka take yi a ɗaki da kwamfuta tun safe?" amsar da nake ba su ke nan. Wanda ya nemi ƙarin bayani sai ya sayi ko da fulogi ne tukuna. Wata tsohuwa a unguwarmu har yau ta yarda fim take haɗawa, ni kuma na bar ta a haka don na gaji da gyara mata.

Tun tana ƙarama haka take. A gidanmu na cikin garin Daura, duk bikin da aka yi ko suna, kwanuka da tukwane na aro ne daga maƙwabta, kowace mace kuma da shaidarta a gindin kwanonta. Wata ɗigon jan farce, wata shuɗin fenti, wata ta karce da ƙusa. In taro ya watse sai a wanke su a tara a tsakar gida, a tsaya ana musu. Barakatu ba ta gama firamare ba ta karɓe wannan aiki daga hannun Inna. Za ta juya kwano ta ce na gidan Sharu ne, wannan na matar liman ne, wannan kuwa sabon jan farce ne a kan tsohon fenti, wata ta so ta yi wayo. Kwanon da ba shi da shaida ba ta yarda a jefa cikin namu. Ɗaukarsa take yi ta bi gida gida tana cigiya har sai wata ta ce nawa ne. Inna takan ce yarinyar nan za ta haɗa mu faɗa da gari.

Ta yi karatun kwamfuta a Katsina, ta yi hidimar ƙasa, ta samu aiki a wani kamfani a Kano da ke riƙe wa ƙananan asibitoci da shagunan magani bayanansu. Da ƙafafun Inna suka fara ciwo, sai ta nemi a bar ta ta dawo gida ta riƙa aikin daga nan. Suka yarda, don sun san in sun ƙi tafiyarta za ta yi. Ta auri Mansur, malamin lissafi, mutum mai sanyin hali wanda Allah ya yi shi daidai da ita. Gidansu bai da nisa da namu. Solar da ke saman kwanonsu ni na kafa ta da hannuna, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba, a rubuta wannan.

Sau ɗaya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin aikin, ina cin tuwo a ɗakinta.

"Yaya, kamfaninmu ba ya ajiye manyan na'urorinsa a ofis. Hayarsu yake yi a wasu katafaren gine-gine a ƙasashen waje, mu kuma muna sarrafa su daga nan. Shi ake ce wa gajimare."

Akwai wata manhaja, in ji ta, da suke kira mai sintiri. Kullum tana zagaya na'urorin nan tana taɓa ƙofofinsu, ta dawo da rahoto: wannan ƙofarta a buɗe take, wannan makullinta ya tsufa, wannan an daɗe ba a sabunta ta ba. Sai dai mai sintiri ba ta san kowa ba, lamba kawai ta sani. A ɗaya gefen kuma akwai rumbun bayanai, inda aka rubuta kowace na'ura da sunanta da aikinta da mutumin da ke da alhakinta. Aikin Barakatu shi ne haɗa biyun, ta kai kowace ɓaraka ga na'urarta, ta kai kowace na'ura ga mai ita don ya gyara.

Na ce wannan ai ko ni zan iya. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini tun muna yara.

Matsalar, ta ce, lambar adireshin na'ura ba ta zama. Wadda take kan wannan yau, gobe an ba wata. Mai gaggawa in ya bi adireshi sai ya aika wa Audu laifin Tanko, Audu ya duba ya ga ba nasa ba ne ya watsar, Tanko bai ma ji ba, ƙofa kuma tana nan a buɗe. Don haka ita da lambar da aka haifi na'ura da ita take farawa, wadda ba ta canzawa. In babu, ta duba shaidar da injiniya ya liƙa mata lokacin da ya gina ta. Adireshi shi ne na ƙarshe, kuma ko shi sai ta tabbatar da ranar. Waɗanda duk aka bi aka rasa mai su, marayu take kiransu. Yawancinsu ba sa daɗewa a hannunta. Wani injiniya ne ya gina cikin sauri ya manta shaida, ta binciko shi, ta kira shi, ta wanke shi tas cikin ladabi. Na taɓa jin ta tana yi wa wani, wallahi ni da ba ni na yi laifin ba sai da na gyara zama. A kamfanin sun sa mata suna Ta-Waye, ta sani, kuma ko a jikinta.

Bara, gab da faɗuwar damina, aka kawo sabon shugaban sashen tsaro, Injiniya Lawal. Ya kafa doka cewa duk na'urar da ba a samu mai ita ba zuwa ƙarshen wata, a kashe ta a goge. Ni ba na son mutumin, don muryarsa a waya kamar ta mai karanta hukunci, amma gaskiya dokarsa daidai ce. Na'urar da babu mai ita babu mai gyara ta, kuma ta nan ɓarayi ke shiga.

Barakatu ta zage ta share marayunta kaf, saura ɗaya. Ƙarama ce, tsohuwa, an gina ta tun farkon kamfanin lokacin da ma'aikata duka makulli ɗaya suke amfani da shi, don haka ba a san hannun wa ba ne. Babu shaida ko ɗaya a jikinta. Rahoton mai sintiri kuwa ja wur: akwai sunayen mutane da lambobin wayarsu a ciki, kuma duk wanda ya iya lalube daga ko'ina a duniya zai iya kwasa. Ta yi cigiya ga ma'aikata duka. Ta sake yi. Ta kira tsofaffin ma'aikatan da take da lambarsu. Kowa ya ce ba tasa ba ce.

Injiniya Lawal ya sa aka tokare ƙofar na wucin gadi, ya ce tokara ba gyara ba ce, ranar tana zuwa za a kashe. Barakatu ta ce ba ta saba yar da abin da ba ta san amfaninsa ba, a ba ta izini ta leƙa ta ga me na'urar take yi. Ya ba ta.

Ranar da ta gano, ta aiko a kira ni daga shago. Na tarar da ita zaune ba ta taɓa abincinta ba. Ta ce in saurara, ta danna wani abu, sai muryar wata mata ta fito, a hankali, Hausa tsantsa:

"Salamu alaikum. Daga asibiti ne. Gobe ranar duba yaronku ce da karɓar magani. A ba shi ruwa sosai, a rufe shi daga sanyi. Allah ya ƙara lafiya."

Aikin na'urar ke nan. Kowace safiya tana kiran wasu wayoyi ta sa musu wannan murya. Sunayen da ke ciki na yara ne masu ciwon sikila, a ƙauyukan Zango da Dutsi har zuwa wajen Kongolam. Asibitin da ake magana ba ya cikin abokan cinikin kamfanin, babu wanda ya taɓa jin sunansa a Kano. Kuma abin yana raye, don har a makon ana ƙara sababbin sunaye ta saƙo daga waya guda ɗaya. Barakatu ta kira lambar. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗauka, Sista Rabi'atu, muryar nan dai da muka ji. Da aka tambaye ta wa ya haɗa abin, sai ta ce ba maganar waya ba ce.

"Yaya, gobe za ka rufe shago ka kai ni."

Ba roƙo ba ne, ni ma ban ɗauke shi roƙo ba. Na duba mai, na ƙara iska a taya.

Asibitin yana wani ƙauye gaba da Zango, ɗakuna ne 'yan kaɗan da inuwar darbejiya. Mata zaune a kan tabarmi da yara a cinya, wasu yaran idanunsu rawaya, amma suna wasa. Barakatu ta gaishe su ta zauna cikinsu kamar ita ma layi ta zo. Wata ta ce mata ita ba ta iya karatu ba, saƙon rubutu bai amfane ta da komai, amma in waya ta yi ƙara ta ji muryar Sista, ta san gobe sai asibiti, ko shuka ake yi. Wata ta ce a da sai ciwo ya tashi yaro yana ihu ake ɗauko shi a babur. Na tsaya daga gefe ina ji, ina tuna nawa 'ya'yan.

Sista Rabi'atu doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta shigar da mu ofishinta ta ce wani bawan Allah ne ya haɗa musu shekarun baya, ya kuma sa ta yi alkawari ba za ta faɗi sunansa ba.

"Sista, ban zo tonon asiri ba," in ji Barakatu. "Ƙarshen watan nan za a kashe na'urar. In ban ga mutumin nan ido da ido ba, ba ni da abin da zan tsaya a kai in hana."

Sista ta ɗauki wayarta ta zagaya bayan gini. Da ta dawo ta ce bayan azahar za ta raka Barakatu wani gida a cikin Zango, amma su biyu kaɗai. Ni, da na bar shagona na ƙona maina, aka ajiye ni a tasha wurin mai shayi kamar buhun gero. Na sha shayi har ya fita raina. Raina ya ɓaci sosai, kuma ban ɓoye ba da ta dawo.

Ba ta kula fushina ba. Idanunta sun yi ja. Sai da muka hau hanya ta fara magana a bayana, iska tana kwashe rabi.

Mutumin yana cikin ma'aikatan farko na kamfanin, ya daɗe da barin aiki. Ya taɓa zaman jinya a wannan asibiti, ya fito ba da wanda ya kai ba. Bayan haka ya nemi izinin mai kamfanin na lokacin, da baki kawai, aka ce ya yi. Ya gina na'urar, kuma da gangan ya ƙi liƙa mata shaida. Ba mantuwa ba ce irin ta sauran. Ya ce mata sadaka ce, tsakaninsa da Ubangijinsa. In aka rubuta suna za a fara godiya, in aka fara godiya kuma bai amince da zuciyarsa ba. Labarin cigiyar ya iso masa ta bakin wani, ya rasa abin yi, don ba shi da makulli yanzu, kuma fitowa na nufin a san shi.

"Me kika ce masa?"

"Na ce, Baba, niyyarka mai kyau ce, Allah ya karɓa. Amma ka ɓoye sunanka ka bar sunayen 'ya'yan mutane a fili. Abin da babu mai shi babu mai kula da shi."

"Kika faɗa wa dattijo haka?"

"Na faɗa, da ladabi. Ya yi hawaye. Ya ce gaskiya ce. Ya ce in cece ta, amma don Allah kada in kira sunansa."

Na ce to ni fa, ai ni yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce in kalli hanya akwai rami.

Washegari ina gidan lokacin da ta kira Injiniya Lawal, ta buɗe muryar wayar, Mansur yana zaune yana duba takardun ɗalibai. Ta faɗa masa duk abin da na'urar ke yi, da matan da ta gani.

"Wa ya gina ta?" in ji shi.

"Na gan shi, Yallaɓai, na kuma gamsu. Ba zan faɗi sunansa ba."

"Malama Barakatu, ba a aiki haka. Ta ina zan san ba wani ya dasa mana ita ba, ya lulluɓe da maganar marasa lafiya?"

"Ka sa a bincike ta ciki da waje. In an samu wani abu da ban faɗa maka ba, ka kashe ta, ni ma ka sallame ni."

Injiniya Lawal ya ce ko da an same ta da tsabta, gurbin mai ita a rumbu ba ya zama babu kowa, kuma sai ma'aikaci mai ci. Wanda sunansa ya shiga, shi za a kira duk ranar da ta lalace. In bayanan yaran nan suka fita, shi zai tsaya gaban hukuma, aikinsa ne a kai. Ya ce ya tambayi injiniyoyi, babu mai son ɗaukar tsohon ginin da bai san wanda ya yi ba, kuma bai ga laifinsu ba.

"A sa nawa," in ji Barakatu.

"Ke ba gina na'ura ne aikinki ba."

"Zan koya. Waɗanda nake bi da waya kullum su gyara nasu, yanzu su zo su koya mini gyaran tawa."

Na kasa haƙuri na shiga maganar da hannu, ina nuna mata ta dakata. Da ta ajiye wayar na ce, ke Barakatu, aikin nan da shi kike riƙe Inna, za ki ɗora wuyanki a kan kayan wanda ko sunansa ba za ki iya kira ba? Na juya ga Mansur ya taya ni. Ko kai bai ɗaga ba ya ce sun gama magana tun jiya. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa tuni ta jawo kwamfutarta.

Bincike ya ɗauki lokaci. Ba a samu komai ba sai ɓarakar da aka sani. Injiniya Lawal, duk da muryarsa, shi ya kai maganar gaban manya ya tsaya mata, aka yarda kamfani ya riƙe aikin a bayyane, asibitin ya sa hannu a yarjejeniya. Barakatu ta shigar da sunanta a gurbin da hannunta. Da safe rahoton mai sintiri ya zo, ɓarakar da ke sama ja wur ta faɗo a kan sunanta, ta aika wa kanta irin takardar nan mai zafi da take aika wa kowa, ba ta rage kalma ɗaya ba. Makonni ta yi tana fama, injiniyoyi biyu suna nuna mata ta waya, suna ramuwar wankin da ta yi musu a baya. Aka rufe ƙofar, aka canza makulli, aka kulle sunayen yadda ko an sace ba za su karantu ba. Wata ya mutu, wani ya kama, wayoyi suka ci gaba da ƙara a ƙauyuka.

Ban san ta inda labari ya fita ba. Ni dai mutum biyu ko uku kawai na gaya wa a shago. Bayan kaka sai ga wata mata daga wajen Dutsi ta yi ta tambaya har ta iso gidan, da yarinya a baya da buhun gyaɗa a ka. Ta durƙusa ta ce an ce mata nan ne gidan mai wayar asibiti. Barakatu ta ɗaga ta ta ce ba ita ta fara ba, riƙo kawai take yi. Matar ta ɗauka kunya ce, ta ƙara zuba addu'a, ta ajiye gyaɗar ta tafi.

Barakatu ba ta buɗe buhun ba. Ta sa na ɗaure shi a babur na kai wa Sista Rabi'atu, da saƙon a miƙa wa mai shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga buhun ya dawo a motar haya, ɗaurinsa yadda na yi shi. Sista ta kira ta ce ya ƙi karɓa. Ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya ce a gaya wa 'yarsa Barakatu an yi ɓatan gida, a je a duba rumbu a ga sunan wa ke ciki.

Barakatu ta zauna a tabarma kusa da buhun, ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma ya zama kuka sosai. Mansur ya miƙa mata ruwa. Da ta natsu ta share fuska ta ce a kai wa Inna a soya.

Har yau ban san sunan mutumin ba, na kuma daina tambaya.